Kwana huɗun da suka rage a takardar Malam Habu

Ku da kuka taso kuka tarar da gaban gidanmu na Jakara da bulo da rufin kwano, ba ku san benen ƙasan da ya tsaya a wurin ba sai a hoton nan guda da ke ɗakin ɗana Kabiru. Na sha jin ku, in kun zauna kuna zaton barci nake yi, kuna cewa sanyin Baba ne ya ci benen, wai da na yi maza na fitar da ɗan haya da yanzu yana nan tsaye. Abin yakan ba ni dariya. Ni da 'yan layin hula a kasuwar Kurmi suka laƙaba wa suna Ashana saboda saurin kamawa, yau ni ake kira mai sanyi a gidana. To bari in faɗa muku yadda aka yi, domin a shekarar nan na ga abin da har yau ban manta da shi ba.

Kakana ne ya gina benen, ɗaki ɗaya a kan zaure, da azara da matakala ta ƙasa. Bangonsa na gabas shi ne bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Mahaifina kafin ya rasu ya ba wani mutum hayarsa, Malam Habu, tsohon masinjan kotu da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma sun watse a garuruwa. Shekara sha ɗaya ya yi a wurin. Ban taɓa bin sa ko kwabo ba, ranar da shekara ta zagayo da safe yake kawo kuɗin haya, ya tsaya a kaina sai na rubuta masa rasit. Amma ban taɓa zama da mutum mai wuyar sha'ani irinsa ba. In yara suka yi wasa a zaure, ƙara. In mata suka yi daka da hantsi, ƙara. Ya taɓa kai ladanin unguwa gaban mai unguwa a kan lasifika ta karkato wajen tagarsa. Duk wannan da na haƙura, ba don tattabaru ba.

Tattabarunsa sun fi ɗari, a kan rufin benen ya jera musu tukwane. Ku ba ku zauna a ginin ƙasa ba, don haka sai na gaya muku. Rufin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, indararo kuma dole ya kasance a buɗe, in ba haka ba ruwa ya kwanta ya jiƙa bango. Kashin tattabaru da gashinsu sun toshe indararon gabas. Shekara biyu a jere ina turo magini, Malam Habu yana tare matakala, wai suna kwanci a kan ƙwai, in aka taɓa tukwanen za su guje. Bangon ɗakin Inna ya fara yin baƙi daga sama. Ga Kabiru an sa masa ranar aure, ina so in gyara benen in saka shi da amaryarsa a ciki, yadda aka saka mahaifina da Inna a farkon aurensu.

A majalisarmu ta bakin masallaci kowa lauya ne. Wani ya ce in cire ƙofar ɗakin, kwana biyu zai tattara. Wani ya ce in yanke masa wuta. Wani ya ce in bari ya tafi Juma'a in sa a zubo masa kaya a lungu. Raina ya fi kwanciya da maganar ƙofa, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai akwai Zainab, 'yar ƙanwata, wadda ta karanta lauya, ita ce ta zo gaishe da Inna ta tarar ina ta faɗa ni kaɗai.

Ta ce, "Kawu, gidanka ne, ba dokar da ta tilasta maka ka sabunta wa mutum haya. In shekararsa ta ƙare kana iya cewa ka gode, ba sai ka kawo dalili ba ma. Amma akwai hanya."

Na ce mata hanyar da na sani ita ce ta matakala, ya sauko ta nan ya tafi.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan hayar shekara ne, yarjejeniyarku kuma ba ta faɗi wani wa'adi daban ba. Sai ka ba shi notis a rubuce, wata shida cikakku, ka miƙa masa a gaban shaida. In wa'adi ya cika bai fita ba, ka ba shi wata takardar ta kwana bakwai cewa za ka je kotu. Kotu ce take fitar da mutum, Kawu, ba mai gida ba. Kafin nan kada ka karɓi kuɗin sabuwar shekara, kada ka taɓa ƙofarsa ko wutarsa. In ka taɓa, kai za a tsayar a gaban alƙali. Ka bari in rubuta maka."

Ga inda girman kai ya kai ni. Na ce yarinyar da aka raɗa wa suna a gabana ba za ta rubuta mini wasiƙa ba, ina da hannu. Na zauna na rubuta da kaina, na kira shi Malam, na gode masa da zaman da muka yi, na ce ba zan sabunta ba. Da na zo wajen sa rana, sai na yi yadda muka saba a gidanmu tun kakanni. Mu lissafinmu da tsayuwar wata ne, da shi muke azumi, da shi muke sa ranar aure, da shi mata ke ƙirga takaba. Ranar da na rubuta takardar ɗaya ga wata ce, sai na lanƙwasa yatsu shida, na duba kalandar shago mai lissafi biyu, na ga ranar boko da ta yi daidai da cikar wata na shida, na rubuta ta. Ko kusa ban kawo a raina cewa watan kotu ya fi namu tsawo ba.

Na miƙa masa a zaure a gaban liman. Ya saka tabarau, ya karanta har ƙasa, ya koma kan ranar ya daɗe. Na ga bakinsa yana motsi. Sai ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu ya ce, "Na karɓa, Alhaji." Na koma ciki ina cewa ashe mutumin nan tsoron takarda yake yi.

Wata shida bai ce uffan ba. Ranar ta zo bai fita ba. Ya kawo kuɗin sabuwar shekara na ƙi karɓa, na ba shi takardar kwana bakwai, muka tafi kotu, a lokacin hadari ya fara haɗowa da yamma. Bai ɗauki lauya ba. Da aka ba shi dama ya miƙe da babbar rigarsa da ta koɗe, ya zaro kalanda daga ƙarƙashin hammata ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ja a kan gida nasa ne. Ina roƙon a ƙirga kawai." Aka ƙirga. Wata shidana ya gaza na doka da kwana huɗu. Alƙali ya ce notis bai cika ba, ya kori ƙarar, ya ce in ina so in sake ba da wani. Zainab, da ta zo rakiya, ta sunkuyar da kai, don sai ranar ta ga takardar da idonta. A waje ta ce mini abin da ya fi tsaro shi ne sabon notis, wata shida daga farko. Na lanƙwasa yatsu a bakin kotun, na ga damina gaba ɗaya ta faɗa a ciki.

Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini irin na ranar ba. Washegari da hantsi na kira kafinta, ya zo da guduma da abin ɓanɓare ƙusa, ya ajiye su a zaure suka yi ƙara. Inna a lokacin idanunta sun yi rauni, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura. Ni ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai Hula take ce mini.

Ta ce, "Mai Hula, ƙarfen me nake ji a zaure?"

Na durƙusa a bakin ƙofarta na gaya mata komai. Na ce bangon da take jingina da shi ya jiƙe, mutumin nan ya san da kuskuren tun ranar farko ya yi shiru don ya wulaƙanta ni, in na jira doka ruwa ba zai jira ni ba.

Ta ce, "Shi ya yi kuskuren ko kai?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Mahaifinka da sallama ya shigo da shi gidan nan, ina ji daga nan. Da sallama zai fita. An ce kwana huɗu ka rage masa, haƙƙinsa ne, ka cika masa. Ka sallami mai gudumar nan, ka ba shi na shan ruwa."

Na ce to, amma na roƙe ta ta koma ɗakina har damina ta wuce. Ta ce ita ba ta san wani ɗaki ba, in ta tashi a nan ba za ta gane inda buta take ba. Na yi magiya, matata ta yi, Zainab ta yi, Inna ta ce mu bar ta. Wannan shi ne abin da kuke kira sanyi. Na sallami kafinta, Zainab ta rubuta sabon notis da hannunta, har ta ƙara mako guda a kan wata shidan don kada a sake. Na miƙa wa Malam Habu, ya ƙirga a gabana, ya ce, "Wannan ta cika." Na roƙe shi ko indararon kaɗai ya bari a buɗe. Ya ce shi zai riƙa sharewa da kansa, magini dai ba zai hau masa ɗaki ba. Kabiru ya yi fushi da ni sosai, don dole ya kama ɗaki a Ƙofar Wambai, surukansa kuma suka riƙa cewa an yi musu alkawarin bene an kai 'yarsu haya. Wata biyu yana gaishe ni daga tsaye.

Duk daminar nan ban ji daɗin ruwa ba, ni da na taso ina murnar hadari. Da an fara yayyafi sai in je in shafa bangon Inna da tafin hannu. In ta ji motsina sai ta ce, "Yana nan, bai tafi ba." Ina jin tsoro, kuma na san in wani abu ya same ta ba Malam Habu zan tuhuma ba, yatsuna shida zan tuhuma.

A tsakiyar Agusta aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ba mai ƙarfi ba, irin mai shiga ƙasa. Ban fita kasuwa ba. Rana ta uku bayan azahar ina ɗakina sai na ji gudu a tsakar gida. Na leƙo na ga Malam Habu, mutumin da shekara sha ɗaya bai taɓa ƙetare ƙofar cikin gida ba, ya shigo ba sallama, ba hula, ba takalmi, ya faɗa ɗakin Inna. Na fito da niyyar in shaƙe shi, na ce yau dai ko kotu ko ba kotu. Kafin in kai bakin ƙofa ya fito da ita a goye a bayansa, tsoho ɗan shekara saba'in, siriri kamar kara, yana tangaɗi a cikin taɓo. Inna tana riƙe da carbinta tana cewa, "Wane ne wannan, ina za ka kai ni?" Ya bangaje ni da kafaɗa ya ce, "Ja da baya, Alhaji."

Bai kai turmin da ke tsakiyar gida ba benen ya tafi. Ban ji ƙara mai yawa ba, wani irin nishi na ji, sai bangon gabas ya durƙusa a hankali ya kwanta a kan ɗakin Inna, rufin ya biyo shi. Azara ɗaya ta soke daidai inda shimfiɗarta take. Muka tsaya a cikin ruwa mu huɗu, ni da matata da shi da Inna a bayansa. Na zauna a taɓo. Inna ce ta fara magana, ta ce, "Malam Habu, sauke ni, ka gaji."

Daga baya ya gaya mana yadda aka yi. Ya hau share indararo ke nan, sai tattabarun suka tashi gaba ɗaya a cikin ruwa, abin da ba sa yi, suka sauka a rufin maƙwabta suka ƙi dawowa. Ya dafa bango ya ji yana motsi a ƙarƙashin hannunsa. Ƙofar waje tana gabansa a gindin matakala, taku uku ya fita lungu. Ya juya ya yi cikin gida. Duk abin da ya mallaka a duniya yana ɗakin nan na sama, bai ɗauko ko tabarau ba.

Da ruwa ya ɗauke magini ya zo, mutumin da aka hana hawa shekara biyu. Na zaci zai ce ga abin da yake faɗa. Sai ya tsuguna ya tona gindin bangon da hannu, ya damƙo ƙasa ya matse, ruwa ya zubo, baƙi mai wari.

Ya ce, "Alhaji, tattabaru sun yi nasu, ba na wanke su. Amma ginin nan daga ƙasa ya mutu. Tun da aka ɗaga kwatar lungu ruwa yake shiga gindinsa, shekara da shekaru. Da an bar ni na yaɓe sama na shafe, da zai yi kyau kamar sabo, kuma ko bana ko baɗi zai tafi."

Kabiru yana tsaye a wurin. Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba, amma mun san abu ɗaya muke lissafawa. Da takardata ta farko ta cika, da Malam Habu ya fita kafin ruwa, da na yaɓe benen na shafa masa farar ƙasa na saka Kabiru da amaryarsa a sama, Inna a ƙasa, ba mai hawa rufi a cikin ruwa, ba tattabarar da za ta tashi. Ku 'ya'yan Kabiru, ku ne kuka fi yawan cewa na yi sanyi. Ni ba malami ba ne, ba zan ce na san hikimar Allah ba. Na dai san kwana huɗu ne, kuma ban rage su da gangan ba.

Kada ku zaci daga nan muka zama aminai. Inna ta ce wa'adinsa bai cika ba, don haka a ba shi ɗakin baƙi na gefen rijiya har ranar da takarda ta faɗa. Ya shiga, kuma cikin mako guda ya kawo ƙarar matata a kan hayaƙin murhu. Halinsa bai canza ba ko kaɗan. Duk da haka da sanyi ya shigo, wa'adi ya matso, na same shi a bakin rijiya na ce ya kawo takardar in yaga, ya zauna har iyakar ransa.

Ya ce, "A'a, Alhaji. Ni da kai ba ma zama, ka sani na sani. In na zauna don na goya Hajiya, kullum za ka riƙa haɗiye magana, ni kuma ba na son a haɗiye mini magana."

Sannan ya ƙara da cewa, "Gida huɗu na zauna kafin nan. Ɗaya an cire mini rufi, ɗaya na dawo masallaci na tarar da kayana a kwata, matata tana zaune a kansu. Ni da na yi shekara talatin ina kai wa mutane takardar kotu, ba wanda ya taɓa ganin na isa a rubuta mini ita. Kai ka rubuta, har ka ce Malam. Shi ya sa na tsaya a kan kwana huɗun nan, ina so sau ɗaya a cika mini."

Ranar da wa'adi ya cika ba mu je kotu ba, ba a kai ga takardar kwana bakwai ba. Ya share ɗakin, ya kawo mini makulli da safe, ya sa na rubuta masa shaidar na karɓa. Ɗansa ya zo da mota daga Wudil. Kafin ya fita ya tsaya a ƙofar cikin gida, daga waje, ya yi sallama sau uku kamar baƙo. Inna ta amsa daga sabon ɗakinta ta ce, "A sauka lafiya, Malam Habu. Mun gode da zama." Ya kama tattabarun da ya iya kamawa a kwando, sauran ya bar su.

Benen kakana ya tafi, ban iya mayar da shi ba, maginan irinsa sun ƙare, shi ya sa kuka ga bulo. Inna ta ƙara shekara shida a duniya, ta ga Kabiru ya haifi uku. Har ta rasu ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa ba, ni kuma ban taɓa samun bakin tambayarta ko ta ji tsoron bangon nan ba, duk da ta fi kowa jin yadda yake jiƙewa a bayanta. Abin da ta roƙe ni guda ɗaya ne, kada a kori tattabarun da suka rage. Su ne kakannin waɗannan da kuke jifa da takalmi in sun ɓata muku shanya. Ku daina. Gero yana nan a tsohuwar tukunyar bayan ƙofa, in na mutu wani ya riƙa watsa musu da safe.